Murfin Alƙalamin Baba

Zango, Kumasi
9 ga Yuli, 2024

Zuwa ga yayana Muniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rafia da yara, Nasrullah da Aziza. Yaya aiki, yaya zaman Italiya? Allah Ya ba ku lafiya mai amfani, Ya rufa muku asiri a ƙasar mutane, Ya raya mana yaran nan. Na san za ka buɗe ambulan ka ce yau kuma me ya sami Barkisu, ga waya a hannunta amma ta koma rubuta wasiƙa. Ka yi haƙuri ka nemi wuri ka zauna. Akwai wata takarda a ninke a ciki, akwai kuma ɗan ƙullin tsumma. Don Allah kada ka taɓa su sai ka kai ƙarshen tawa, ko da yake na san halinka na rashin haƙuri.

Mu nan gida alhamdu lillahi. Damina ta kankama, kwatar bayan gida ta sake cika kamar yadda ka santa, har yanzu ana cewa za a gyara. Mun yi Babbar Sallah lafiya, ragon da ka sa aka yanka da sunan Baba ya yi kitse, an kai har gidan Kawu Mamudu. Inna tana fama da gwiwarta, amma bai hana ta zuwa kasuwa ba, bai kuma hana ta faɗa da mai kifi ba. Ni kullum ina hanya tsakanin gidana a Krofrom da Zango, har direbobin torotoro, motocin hayan nan, sun haddace fuskata, ɗinkin mutane kuwa sai da la'asar nake samun zama a kansa. Baba jiki da sauƙi. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye a azumin bara, magana ta dawo, sai dai a hankali take fita. Yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa baranda, hannun ma yana riƙe cokali. Amma likita bai ɓoye mana ba, ya ce irin wannan ciwo yana iya dawowa, kuma in ya dawo ba ya sallama.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne wannan. Wata safiya a watan Mayu na kawo wa Baba koko da ƙosai, ya sha rabi ya ture kofin, sai ya ce in shiga ɗaki in janyo masa jan gwangwanin biskit ɗin nan da ke ƙarƙashin gado. Yaya, rabon da a buɗe gwangwanin nan tun ranar da ya naɗe teburinsa ya dawo gida, shekara goma sha biyu ke nan. Yaranka ba su sani ba, amma ka gaya musu kakansu shi ne Buraima Kirachi, wato magatakarda, wanda ya yi shekara arba'in a gindin bishiya kusa da gidan waya na Adum yana rubuta wa mutane wasiƙa. Fataken goro, 'yan dako, tsofaffin matan da 'ya'yansu suka tafi Legas ko Abijan ko Tarabulus, duk a bencinsa suke jira. Da Turanci ne, da boko ne, da ajami ne, ka faɗi abin da ke ranka shi kuma ya sa maka a takarda. Har yau in na ce ni 'yar Kirachi ce a kasuwar Kejetia, sai an sami wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana sa masa albarka.

Na buɗe gwangwanin, ga alƙaluman nan uku a nannaɗe cikin tsohon hankici. Ka tuna sunayen da ya sa musu? Akwai Dattijo, baƙin nan mai ɗan ƙarfe kwance a gefensa. In za a ba shi tawada sai a tsoma bakinsa a kwalba, a ɗaga ƙarfen da farce ya matse wata jakar roba da ke cikinsa, iska ta fita, a mayar da ƙarfen jakar ta buɗe ta zuƙo tawada. Baba sai ya ƙirga goma kafin ya cire shi, wai a bar shi ya ƙoshi. Akwai Mai Amai, wanda cikinsa fayau yake, sai dai a kwance wuyansa a ɗiga masa tawada da abin ɗiga maganin ido har ya cika. Shi ya fi duka ɗaukar tawada, amma da ta yi ƙasa, zafin hannu ya kumbura iskar da ke ciki, sai ya tofar da ɗigo a tsakiyar takarda. Sai kuma Bajamushe, mai ratsin kore da bakin zinariya, ɗan gaban goshin Baba. Shi gindinsa ake murɗawa, wani abu ya sauka a ciki, a murɗa baya abin ya hau yana jan tawada, kana kallonta ta 'yar tagar da ke jikinsa tana cika. Ba kullum yake ɗauko shi ba, sai in wasiƙa ta yi nauyi, ta rasuwa ko ta neman sulhu.

Dokokinsa biyu ma na san ba ka manta ba. Ta farko, in mutum ya gama faɗin saƙonsa Baba ba ya rufe wasiƙa, sai ya ɗago kai ya tambaye shi sai me. Mutum ya ce a ƙara da cewa akuya ta haihu. Ya sake tambaya sai me, a ce rufin ɗaki yana yoyo. A tambaya ta uku ne za ka ga tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a tambayi yaron yaushe zai zo. Baba yana cewa wannan ita ce wasiƙar, sauran duk rakiya suka yi mata. Doka ta biyu kuma ta murfi ce. In wani ya ari alƙalami zai sa hannu, Baba zai miƙa masa alƙalamin amma murfin yana cikin tafin hannunsa, domin ba mai jefa alƙalami mai shan tawada a aljihu ba murfi, dole ya dawo da shi. Ɗan sanda ne, babban alhaji ne, duk ɗaya. Shekara arba'in bai ɓatar da ko guda ba, kuma ko ni da nake 'yarsa ban taɓa riƙe murfin Bajamushe ba a lokacin.

Ba na son tono abin da ya wuce, amma dole in taɓo shi. Ranar da ya ce ka zo ka zauna a teburin ka koyi aikin, ka ce masa a gaban abokansa sana'ar ta mutu, waya ta kashe ta, kai ba za ka zauna gadin gawa ba. Ina wurin, na kawo abincin rana, da kunnena na ji. Gaskiya ka faɗa, tunda bayan shekara biyar ya naɗe teburin, amma ba a nan ya kamata ka faɗe ta ba, kai ma ka sani. Bai raka ka tasha ba. Yau shekara goma sha bakwai, in ka kira Inna ta miƙa masa waya sai ya ce a gaishe ka, ya kau da kai. Sunanka ma ba ya kamawa, sai dai ya ce mutumin Italiya. Kai kuma da ka kwashe taurin kansa kaf, ka aiko magani, ka aiko keken zama, ka aiko abin awon jini, amma kalmar haƙuri guda ɗaya ta gagare ka. To bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Ka tuna tabon tawadar da ke bayan ƙofar ɗakinku, na ranar da ka saci Mai Amai za ka rubuta wa Sherifa ta gidan mai burodi wasiƙa, ya ɓata maka takarda, ka yarfe shi a bango don haushi? Kafin Sallar nan aka yi wa gida fenti. Da mai fenti ya iso wurin, Baba ya ɗaga sandarsa ya ce a bar nan. Yanzu duk ɗakin sabo ne sai bayan ƙofar.

To, a safiyar da nake ba ka labari, ya daɗe yana kallon alƙaluman, sannan ya ce wasiƙa yake so ya rubuta. Na tambaye shi zuwa ga wa. Ya ce mutumin Italiya. Na ce masa na bar tukunya a wuta, na fita na yi kukana a bayan randa, na wanke fuska na dawo. Da muka duba su, sai murna ta koma ciki. Ƙarfen Dattijo ya ƙi ɗaguwa, in ka girgiza shi kana jin abu yana ƙara, ashe jakar robar ta bushe ta farfashe kamar ƙanzo. Mai Amai ya tsage a wuya. Bajamushe ne kaɗai ya rage, yana murɗuwa da ƙyar amma yana murɗuwa. Tawadar kwalba kuwa ta daɗe da zama ɓawo. Na zaro biro daga jakata na miƙa masa, ya yi mini wani kallo da ya sa na mayar da shi ba shiri. Ya ce bai taɓa rubuta magana mai nauyi da wannan abu ba, kuma ba a kan ɗansa zai fara ba. Na ce ya ba ni lokaci in nemo tawada. Kwana biyu ina zagaya shagunan littattafai na Adum, 'yan matan kanti suna tambayata ko ta injin buga takarda nake nufi, kafin na samu kwalba guda, shuɗiya mai duhu, a shagon wani tsoho.

A cikin kwana biyun nan ne Inna ta yi aikinta. Ka san Inna, shekara hamsin tana auren kirachi amma ko sunanta ba ta iya rubutawa, kuma ba ta iya ganin mutum yana jiran abu ta zauna. Da ta ga Baba kullum yana zaune da alƙalami a hannu yana kallon ƙofa, sai ta ɗauki kofi ta tafi wurin Malam Awalu na masallacin layinmu, ta ce ya sam mata tawada. Shi bai tambayi ta mece ce ba, ya zaci rubutun sha za a yi, ya tsiyayo mata daga kurtunsa, baƙa wuluk mai kauri, irin ta allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro. A ganin Inna tawada tawada ce, kuma wadda ake rubuta ayar Allah da ita ai ta fi wadda Bature ya ɗura a kwalba albarka, balle ga wasiƙar sulhu. Baba yana barcin bayan azahar ta ɗauki Bajamushe, ta tsoma, ta murɗa yadda ta saba ganinsa yana yi, ya sha ya cika. Ta goge shi da bakin zaninta, ta rufe, ta mayar da shi gwangwani, tana jiran gari ya waye ta ba shi mamaki.

Na iso da safe da kwalbata a jaka, na tarar ya riga ya ɗora takarda a kan faranti. Ya sa bakin alƙalami, ya ja, babu komai. Ya sake ja, takardar ta karce. Ƙaron ya kwana a ciki ya daskare, garin gawayin ya toshe duk hanyoyin, gindin ma ya ƙi murɗuwa ko kaɗan. Baba ya kai shi hanci ya sansana, ya dubi Inna, ya gane. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Rufe shi ya yi, ya ce in mayar da gwangwanin inda na ɗauko, Allah bai nufa ba. Ni kuwa da bakin nan nawa da ka sani, na juya kan Inna na zazzage mata, na ce wa ya aike ta, ta kashe abin da muka yi shekara goma sha bakwai muna jira. Ta juya ta shiga ɗaki. Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, na ba ta haƙuri ya fi a ƙirga. Daga ranar Baba ya daina fitowa baranda, kokon ma sai an yi da gaske yake shan cokali uku. Na tsorata, Yaya, na ga kamar ya sallama.

Maigidana Hussein ne ya ce in gwada Suraj ɗan Kawu Mamudu, wanda ke gyaran famfon mai na manyan motoci a Magazin ta Suame, unguwar makanikai. Na ce masa alƙalami ne fa ba tirela ba, amma da yake ba ni da wata dabara na hau mota na tafi. Na same shi baƙi ƙirin da mai har gwiwar hannu. Da na kwance hankicin sai ya daina dariya, ya je ya wanke hannu da sabulu sau uku kafin ya karɓa, ya ce ai da wannan alƙalamin aka rubuta wa mahaifinsa takardar da ta sama masa wurin koyon aiki. Ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya ce wannan aikinsu ne sak, fistin ne ke jan ruwa a baya, sai ƙananan hanyoyi a gaba da datti ke toshewa. Na ce in ya kuskura ya tsoma shi a fetur ni da shi ne. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ƙaro ba abin da yake tsoro sai ruwa, kuma ruwan sanyi, don na zafi zai lanƙwasa jikin. Ya sa shi a kofi a kan kanta, tsakanin kusoshi da tsummokara, yana canja ruwan safe da yamma. Kullum sai na biya in leƙa, in ga baƙin yana fita daga bakin zinariyar a hankali.

Sai a kwana na biyar gindin ya motsa. Da Suraj ya kwance shi ya zaro fistin ɗin, sai ga shi abin da ke kansa yana riƙe iska, irin itacen toshiyar kwalba ne, ya tsufa ya tsuke, ƙaron kuma ya ƙarasa shi. Ya ce in gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ko da tawadar kwalba aka zuba, da ta baya zai riƙa yoyo ya ɓata wa Baba hannu. Ban sani ba ko gaskiya ce ko tausayi, amma na kai mata saƙon yadda ya faɗa. Yini guda ya rufe shagonsa yana bin masu kayan gyara layi layi, yana neman zoben roba ƙarami da zai shiga, har ya samu a akwatin wani mai kayan kafireto. Ya shafa masa wani farin giris da ba ya cin roba, ya bi tsagin da ke ƙarƙashin bakin da siririn ƙarfen awonsu wanda bai kai kaurin takarda ba. Ya nuna mini tsagi biyu ne, ɗaya tawada ke sauka, ɗaya iska ke hawa, in iskar ba ta shiga ba tawadar ba za ta fito ba. Sai na tuna Baba yana cewa alƙalami ma numfashi yake yi, mu muna dariya. Muka gwada da ruwa, ya ja ya cika, ya tofar, ya sake ja. Suraj ya yi kabbara har maƙwabtansa suka leƙo suna tambaya ko injin wa ya tashi.

Ban ce wa Baba komai ba. Washegari na ɗora alƙalamin da kwalbar da takarda a faranti kusa da kokonsa, na koma gefe ina tsintar shinkafa. Ya yi kamar bai gani ba. Can sai na ji ƙarar murfi. Ya murɗa gindin da hagu ya ji ya tafi sumul, ya ɗago ya dube ni, na ce aikin Suraj ne. Sai ga wata matsala da ba mu yi tunaninta ba. Cika Bajamushe aikin hannu biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa, shi kuwa yatsun damarsa ba su da ƙarfin ko ɗaya. Ya gwada sau biyu, kwalbar ta kusa kifewa. Ka san bai taɓa barin kowa ya cika masa alƙalami ba. Na matso zan karɓa, ya ce ni in riƙe kwalba kawai, a kira masa Basiratu. Rabon da in ji ya kira Inna da sunanta har na manta. Ta fito tana goge hannu, tana cewa ita ba za ta sake taɓa abin nan ba. Ya ce ta zo, ai ta riga ta iya, tawadar ce kawai ba ta sani ba. Shi ya riƙe jikin da hagu, ni kwalba, Inna ta murɗa a hankali, mu uku muna kallon 'yar tagar tana yin shuɗi. Ya sa ta mayar da ɗigo uku cikin kwalba kamar yadda ya saba, ya goge bakin da hankicin.

Safiya uku ya ɗauka yana rubuta takardar da ke cikin ambulan ɗin nan. Hannun yana gajiya, sai ya ajiye ya huta, gumi yana keto masa, in na ce ya faɗa in rubuta sai ya harare ni. Mutumin da a da yake gama wasiƙa goma sha biyar kafin azahar, yau layi ɗaya yana cin rabin sa'a. Ban karanta ba, shi ya ninke ta da kansa, kuma ya koya mana cewa abin da aka faɗa a teburin kirachi a nan yake tsayawa. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, lokacin da na zo ɗaukar kofi idona ya faɗa kan layin farko. Ba mutumin Italiya ya rubuta ba. Ɗana Muniru ya rubuta, harufan a karkace amma nasa ne, da wutsiyar nan da yake ja a ƙarshen suna.

Da ya miƙo mini takardar, ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na tambaye shi sai me. Ya dube ni, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, ya ce a gaida Rafia da yara. Na sake cewa sai me. Ya ce a gaya maka abin awon jinin yana aiki. Na tambaye shi karo na uku. Sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ashe murfin yana ciki tun da ya fara rubutu. Ya kamo hannuna ya sa mini shi, ya naɗe yatsuna a kai, ya ce in sa a cikin ambulan. Na ce Baba, alƙalamin zai bushe fa, bayan duk wahalar da aka sha. Ya ce ya sani, kai ma ka sani.

To, yanzu kana iya kwance ƙullin. Da Bajamushe nake rubuta maka wannan, Baba ne ya ce in riƙa tafiyar da shi don kada ya tsaya, shi ya sa ka ga wasiƙar ta yi tsawo, kuma shi ya sa rubutuna ya yi kyau yau. Gobe Sadick na gidan Alhaji Seini zai koma Italiya, shi zai kawo maka hannu da hannu, na ce masa in ya jefa ta a akwatin waya ban yafe ba. Daga nan kullum da safe zan jiƙa bakin alƙalamin da ɗigon ruwa, Baba ya ja layi ɗaya ko biyu, in nannaɗe shi da leda. Suraj ya ce dabarar za ta riƙe shi na ɗan lokaci, amma ba abin dogara ba ce.

Yaya, shekara uku ke nan da ka samu takardun zama, ba sauran cewa in ka fito ba za ka iya komawa ba. Kullum sai ka ce bayan Sallah, Sallah shida sun wuce. Ni ba faɗa nake yi ba yau, kewarka nake ji. Ina kewar yadda kake goya ni a keke mu gangara Adum ina ihu, ina kewar gardamarka a kan tuwo, har tsokanar da kake mini kan haƙorana ina kewarta. Na yi aure ba ka nan, na haihu ba ka nan, fuskarka sai a waya, kuma ko a nan na ga furfura ta fara fito maka. Inna in ta ji ƙarar akwati mai taya a lungu sai ta daina abin da take yi. Nasrullah da Aziza ba su taɓa cin ƙosan layinmu ba, ba su taɓa jin hannun kakansu a kansu ba. In ba za a iya zuwa da su yanzu ba, ka zo kai kaɗai, ko na mako biyu ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci don ta ga ka rame. Kawu Mamudu da iyalinsa suna gaisuwa, haka Hussein da yaranmu. Suraj ya ce in ka tashi ka nemo jakar robar Dattijo a can, ya ji ana samu, shi zai sa. Malam Awalu ma yana gaisuwa, har yanzu in ya gan ni sai ya ce da ya sani da ya tambaya. Ka gaida Anti Rafia da kyau, ka shafa mini kan Nasrullah da Aziza, ka gaida duk 'yan Zango da ke wajenku. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya ƙara masa kwana, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kada ka ba Sadick murfin ya dawo da shi, kada ka aiko da shi ta hannun kowa. Baba ya koma fitowa baranda, ya sa an juya masa kujera tana kallon ƙofar gida, alƙalamin yana kan faranti a gabansa a buɗe. Ka kawo da hannunka ka rufe masa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai kewarka,

Barkisu Buraima